Fansho Mai Ƙafa Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ce in yi wa ma'aikatan ofishinmu nasiha kan shirin ritaya ba, kuma ko da ni na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bari ba. Har gobe idan na wuce majalisar bakin masallaci sai wani ya yi gyaran murya, ya tambaye ni cikin ladabi ko an kawo wuta a layinmu.

Aikin kashe gobara na yi a nan Daura, shekara talatin da 'yan kai, har abokan aiki suka daina ce mini Oga suka koma ce mini Baba. In faɗi gaskiya na iya aikina. Abin da ban iya ba shi ne yin shiru bayan an gama. Ina da wata al'ada da kowa ya san ni da ita: da zarar wuta ta mutu sai in shiga cikin toka in tono abin da ya jawo ta, ko risho ne, ko dutsen guga, ko guntun maganin sauro, in ɗaga shi sama yadda duk 'yan kallo za su gani, sannan in wanke mai gidan tas a gaban maƙwabtansa. (Ni ina kiran wannan wayar da kan jama'a. Mai ɗakina Saude tana kiransa cin fuska.) Haka na koya wa na ƙasa da ni, musamman direban motarmu Ɗanlami, wanda ya riƙe karatun fiye da yadda na so.

Da aiki ya zo gangara, saura 'yan watanni albashi ya tsaya, sai tsoro ya kama ni. Na ga manyanmu da suka riga ni ajiye kaki suna zaune a benci da fayil a hammata, ana ce musu su dawo gobe. Maimakon in tsaya in tambayi abin da ya sa wasu ke daɗewa a bencin wasu kuma su wuce, sai na yanke wa kaina hukunci cewa fansho gaba ɗayansa wahala ce, ni kuma ba za a wahalar da ni ba. Duk takardar da ta zo ofis a kan maganar, miƙa wa na kusa da ni nake yi. Ko wane irin tsari nake ciki ban sani ba, kuma har alfahari nake da rashin sanin.

Ni ina da tawa dabarar. Na kwashe adashin ofis da ɗan abin da na tara, na je kasuwar Mai'adua na zaɓo raguna, irin dogayen nan da ake shigowa da su daga Nijar ta kan iyakar Kongolam. Da kaka ta yi, harawa tana arha, na saye ta amalanke-amalanke. Gidana ba shi da fili, don haka na kafa rumfar langa-langa ta fito daga katanga ta ci kusan rabin lungunmu, na jibge harawar har sama, na yi wa ragunan turke daga ciki. Maƙwabta suka yi ƙorafi, na ce musu ni ɗan kwana-kwana ne, na fi kowa sanin faɗin da lungu yake bukata. Lissafina shi ne in yi kiwo har Babbar Sallah, in sayar, in sake sayowa. Wannan rumfar ita ce abin da ni da iyalina za mu ci idan albashi ya tsaya, ba ni da wani abu a gefe.

Lokacin sanyi ne, kuma wani dillali ya ce mini rago ya fi ƙiba idan ana dama masa dusa da ruwan ɗumi da 'yar kanwa. Saude ta ce ba za ta ƙona itacenta don wankan shayin raguna ba. Sai na jawo waya daga ɗaki zuwa rumfa, na sayi hita irin ta zobe wadda ake tsomawa a bokiti. Eh, ita dai, wadda na sha ɗagawa sama a gidajen mutane.

Ranar da abin ya faru na tashi da ɗoki. Kwamandanmu ya gayyato wata jami'ar fansho daga Katsina, Malama Rabi, ta yi mana bita, ya kuma ce bayan ta gama ni zan yi jawabin dattijo, tunda na fi kowa daɗewa kuma na fi kowa kusa da ƙofa. Na ɗauko babbar rigata ta shadda wadda ba na sawa sai ɗaurin aure. Kafin in shirya na tsoma hita a bokitin roba, ko ɗumi ruwan bai yi ba aka ɗauke wuta. Na yi tsaki, na ce idan na dawo na dama musu. Ina kafa hula Saude ta faɗi wata magana daga madafa, na amsa mata ba tare da na saurara sosai ba, na hau mashin na tafi.

An jera kujeru a rumfar ajiye mota, gefen jar motarmu. Malama Rabi ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, ga ta da sanyin magana. Ta yi bayani dalla-dalla, kuma yanzu da nake tunawa na ga bayanin gaskiya ne. Ta ce akwai tsohon tsari, inda ake ba mutum garatuti a dunƙule sannan fansho duk wata, akwai kuma sabo mai kama da asusu, inda ake cire wani abu daga albashi, ma'aikata ta ƙara nata, a tara wa mutum. Ta ce abu na farko shi ne kowa ya san wanda yake ciki. Ta ce a duba fayil tun da sauran lokaci, sunan da ke banki ya yi daidai da na fayil, a rubuta magaji, a ba da sanarwar ajiye aiki da wuri. Ta ce tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akan sami tazara, kuma yawancin masu daɗewa a benci waɗanda suka fara shiri a makare ne, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni kuwa ina zaune a gaba na harɗe ƙafa, ina murmushin wanda ya riga ya san amsar jarrabawa.

Da aka kira ni, abin da na fara yi shi ne umartar kowa ya kashe wayarsa, na kuma kashe tawa a gabansu don su ga misali. (Riƙe wannan, zai dawo.) Na gode wa Malama Rabi irin godiyar da ake yi wa yaro idan ya kawo ruwa. Sannan na gyara hannun riga na ce duk abin da ta faɗa mai kyau ne, amma ga wanda bai da dabara. Na ba su labarin ragunana ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya fi cin dusa. Na ce musu, kuma ina jin daɗin yadda maganar ta fito, "Ni fanshona ƙafa huɗu gare shi, yana da ƙaho. Ba ya jiran sa hannun kowa a Katsina. Da shi nake kwana, da shi nake tashi."

Aka yi tafi. Tafin nan shi ya ƙarasa ni.

Malama Rabi ta ɗaga hannu kamar ɗaliba, ta ce kiwo sana'a ce mai albarka, ita ma mahaifinta yana yi, kuma tana ba kowa shawarar ya nemi sana'a. Amma sana'a daban, haƙƙin da mutum ya yi wa aiki shekara da shekaru daban, bai kamata ɗaya ya sa a watsar da ɗaya ba. Sai ta ce, "Baba, to idan ciwo ya shiga garken fa? Ko ɓarayi? Ko, Allah ya kiyaye, gobara?"

Na juya na kalli ma'aikata, na bar tambayar ta ɗan sha iska.

"Gobara," na ce. "A gidana."

Wurin ya kece da dariya, har Kwamanda sai da ya sunkuyar da kai. Ban rufe baki ba ƙararrawa ta kaɗa.

Wanda bai yi aikin nan ba ba zai gane ba. Idan ƙararrawa ta kaɗa, ƙafa ce ke tunani. Ba ranar aikina ba ce, ba ni da kaki, amma ban san lokacin da na tattare babbar riga na zura takalman roba na ɗare gaban mota ba. Ma'aikacin da ke ɗakin waya ya fito da gudu yana kiran sunana, yana cewa in tsaya ya gaya mini wani abu. Na daka masa tsawa da dokar da ni na kafa a ofishin, cewa bayan ƙararrawa ba a tsayawa zance. Ya zagaya ya raɗa wa Ɗanlami magana a kunne, na ga Ɗanlami ya kalle ni, ya kunna jiniya muka fita.

Na tambaye shi me ke ci. Ya ce harawa ce, a rumfa, ya kuma buɗe baki zai ƙara wani abu. Na ce ya kalli hanya.

Daga nan na buɗe famfon faɗa. Na ce mutanen garin nan ba sa jin magana, mutum zai tara busasshiyar harawa a jikin gida sannan ya bar wuta kusa da ita. Na ce na rantse ko ba a gaya mini ba sakaci ne, kuma yau sai mai gidan nan ya gane kurensa. Har na kawo misali da kaina, na ce ni ma ina da harawa, me ya sa tawa ba ta kama ba? Ma'aikatan da ke kujerar baya, waɗanda kullum suke taya ni da "gaskiya ne Baba", yau babu wanda ya ce uffan. Na ɗauka kwarjinin jawabina ne bai sake su ba.

Muka wuce tasha, muka bi ta bakin kasuwa. Na ce ashe ma wajen unguwarmu ne, to lallai na san sakaran. Muka karya kwana wajen mai faci, na ɗan rage murya. Muka wuce masallacinmu, na ga 'yan majalisa a tsaye suna nuna wa mota hanya, wasu kuma suna nuna ni. A nan na tuna da bokiti. Na tuna da hita, da kuma cewa wutar da aka ɗauke takan dawo. Na tuna cewa abin da Saude ta faɗa daga madafa yana da alaƙa da soket. Wani sanyi ya taso mini daga takalman roba har cikin hula.

Ɗanlami ya taka birki a bakin lungu. Hayaƙi fari yana tashi daga ciki. Ya leƙa ta taga, ya auna lungun da ido, sannan ya ce a hankali, ba tare da ya kalle ni ba, "Baba, mota ba za ta shiga ba. An tsaida rumfa a hanya."

Me zan ce, in tambayi wa ya tsaida?

Dole muka jona tiyo da tiyo tun daga titi, muka ja shi da hannu, abin da ya ci mana lokacin da harawa ba ta bayarwa. Allah ya taimaka Saude ta yi abin da ya kamata. Ta kira wayata ta ji a kashe, ta kira ofis, ta sa aka cire fis ɗin gidan, maƙwabta kuma (waɗanda na ce wa na fi su sanin faɗin lungu) suka yanke igiyoyin ragunan suka kore su waje. Sai ga unguwa ta cika da raguna a firgice, wani ya shiga gidan mai ƙosai, wani ya nufi titi. Ni kuma ina tsakiyar lungu riƙe da kan tiyo, babbar rigar shadda ta sha ruwa ta manne mini, ina feshin abincin iyalina na shekara guda yana zama baƙin kunu yana bin kwata. Ba zan ɓoye ba, hawaye sun zubo mini, kuma na gode wa hayaƙi da ya ba ni abin fakewa.

Wuta ta mutu bayan ta cinye harawar kaf da rabin rumfar. Gidan bai taɓu ba sai katanga da ta yi baƙi. Na ɗauka an gama. Ina matse hannun riga sai na ga motar Kwamanda a bakin titi, ya biyo mu, kuma ya taho da baƙuwarsa don ta ga yadda muke aiki.

Jama'a ba su watse ba. Da farko ban gane abin da suke jira ba, sai da na ga duk idanu a kaina. Sun saba. Shekara da shekaru, wannan ne lokacin da Baba yake shiga toka. Kwamanda ya gyara tsayuwa, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce tunda ni ne babba a wurin, in yi binciken da na saba, a ji abin da ya jawo, a kuma ji ta bakin mai gidan.

Na ce wataƙila wayoyin unguwa ne, ai kowa ya san yadda suke. Na ce abin yana bukatar nazari a ofis. Ina cikin wannan kame-kamen, Ɗanlami, ɗalibina mai hazaƙa, ya riga ya shiga tokar da sanda. Ya tona nan, ya tona can, sai ya miƙe. A hannunsa ga hita, zoben ya yi baƙi, narkakkiyar robar bokiti ta daskare a jikinta, guntun waya yana lilo. Kuma saboda hannu ya saba, bai tsaya tunani ba ya ɗaga ta sama, ya juya dama ya juya hagu yadda na baya ma za su gani, daidai yadda na koya masa. Sai a lokacin ya tuna gidan wa yake. Ya tsaya da hannu a sama, ya kasa saukewa.

Da an bar shi haka da na iya cewa yara ne. Amma Saude tana bakin zaure da mayafinta, kuma ba ta ɗaga murya ba, wanda shi ya sa kowa ya ji.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Kwamanda, "na ce masa ya cire ta daga soket kafin ya fita. Ya ce in bar masa harkar wuta, shekara talatin yana cikinta."

Wani tsoho da na taɓa wankewa a kan risho, har yau ban san wa ya gaya masa ya zo ba, ya ce ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa. Dariyar da aka yi a lungun nan ta fi ta ofis nisa. Na duba ƙasa ko za ta taimaka ta tsage, sai ruwan toka kawai na gani yana shiga takalmina.

Ina nan tsaye sai mutane suka dare. Malama Rabi ce ta taho, jakarta a kafaɗa, tana jan babban ragona da guntuwar igiya, ta kama shi yana neman tsallaka titi. Ta zo gabana ta rusuna kamar yadda 'ya take yi wa uba, ta miƙa mini igiyar da hannu biyu.

"Baba, sannu da wannan rashi, Allah ya mayar da alheri," ta ce. "Ga fanshonka. A riƙe da kyau, yana neman gudu."

Ba ta yi dariya ba. Da ta yi, da na sami abin jin haushi.

Abin da ya biyo baya ba abin dariya ba ne, don haka zan taƙaita. Harawa a wannan lokacin ta yi tsadar da ba zan iya ciyar da garken ba, dole na sayar da yawancin ragunan tun kafin Sallah, a rame, dillalai kuma duk sun ji labari, sun san ba ni da bakin ciniki. Na rushe sauran rumfar da hannuna, maƙwabta suna taya ni da fara'ar da ta yi yawa. Sati bai zagayo ba na hau motar Katsina tun da safe, na je na zauna a bencin nan da na rantse ba zan zauna ba.

Malama Rabi ta karɓe ni kamar ba abin da ya faru. A ranar na fara sanin cewa a tsohon tsari nake, bayan shekara talatin ana biya na albashi. Ta nuna mini abin da zan gyara da abin da zan kawo, ta ce da na ƙara wata biyu ina jan ƙafa, da tazarar da ta faɗa mana ta yi tsawon da iyalina za su ji a jikinsu. Na yi zirga-zirga, ba zan ce ban yi ba, kuma an ce mini in dawo gobe fiye da sau ɗaya. Amma da albashi ya tsaya, ba mu daɗe muna lallaɓawa da kuɗin ragunan ba fansho ya fara shigowa. Ranar da saƙon farko ya faɗo a waya, na nuna wa Saude. Ta duba, ta ce madalla, wannan dai ba ya cin dusa.

Hitar tana ofis har yanzu. Kwamanda ya sa an rataye ta a bango, da ita ake koyar da sababbin ɗauka, kuma an ce ba a faɗin sunan mai ita, sai dai a ce wani dattijo ne mai dabara. Idan na kai ziyara sai in zauna in ba bangon baya.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na yi shekaru ina gaya wa mutane cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, ban taɓa taɓa nawa gemun na ji ko a jiƙe yake ba. Yanzu duk ma'aikacin da ya zo neman shawarar ritaya, ce masa nake ya je ya duba fayil ɗinsa tukuna, ya san tsarin da yake ciki, sannan ya dawo mu yi maganar dabara, kuma ya bar wayarsa a kunne. Kiwo ban daina ba, akwai raguna biyu a tsakar gida. Ruwan sanyi suke sha, kuma har yau babu wanda ya yi ko tari.